Kafin Mu Ce Ya Zo Gida, Mu Tambaye Shi Yaushe Katinsa Zai Ƙare

A wannan fitowa ina neman afuwa in ɗan kauce wa maganganun da muka saba yi a wannan shafi, wato na gonaki da rumfunan kasuwa da guraben karatun yaranmu, domin in taɓo wata matsala da ke faɗa wa 'ya'yanmu da ke zaune a ƙasashen waje, wadda kuma sau da yawa mu da ke gida ne muke jawo ta ba tare da mun sani ba. Yau da wuya ka shiga unguwa a Kontagora ba ka sami gidan da ke da ɗa ko 'ya ko suruki a Saudiyya ko Ingila ko Amurka ko Kanada ba, ban da waɗanda ke Gana da Kwaddibuwa tun zamanin fataucin goro. Muna alfahari da su, muna kuma cin moriyarsu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa zamansu a can ya rataya ne a kan wani ɗan kati da ke ɗauke da kwanan wata.

Bari in fara da abin da ya faru a gaban idona. Akwai wani dattijo maƙwabcina, wanda mahaifinsa ya zo garin nan daga ƙasar Zamfara da sana'ar shanu, a nan aka haife shi, a nan ya tsufa. Babban ɗansa yana Kanada da iyalinsa, yana da izinin zama na dindindin, shi ne kuma ke riƙe da gidan. Da ciwon dattijon ya tsananta sai aka yi ta buga wa yaron waya, ana ce masa in bai zo yanzu ba sai dai ya zo ta'aziyya. A lokacin saura wata biyu wa'adin katinsa ya cika. Ya yanki tikitin mako uku ya taho, da niyyar ya koma ya sabunta katin a can. A mako na uku Allah ya yi wa dattijon rasuwa. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, sai manya suka ce ai babban ɗa ba ya tafiya kafin arba'in, ya ɗaga tafiyarsa. Da arba'in ta wuce sai baffansa ya ce a zauna a raba gado tunda ga shi a kusa, ya sake ɗagawa. Ranar da ya isa filin jirgi, ma'aikacin da ke duba takardu ya juya katin, ya ce masa ba za su ɗauke shi ba, domin katin ya mutu kwana goma sha ɗaya da suka wuce.

Yaron nan ya koma neman wata takardar tafiya ta musamman daga nan Nijeriya, ya yi kusan wata uku yana jira. Kafin ya koma an ba wani aikinsa, kuɗin haya sun taru a kan matarsa, ƙannensa biyu da yake biya wa kuɗin makaranta suka zauna a gida zango guda. Ya ci sa'a izinin zamansa bai salwanta ba. Abin da ya sa nake ba da labarin nan shi ne, ina cikin waɗanda suka dafa kafaɗarsa suka ce masa, "Haba ɗana, mene ne kwana arba'in?" Da kyakkyawar niyya na faɗa, amma cikin jahilci, domin ko sau ɗaya ban tambaye shi halin da takardunsa ke ciki ba, shi kuma kunya ta hana shi musa wa manya.

Saboda haka ra'ayina a taƙaice shi ne: kare izinin zaman ɗanmu a ƙasar waje ba nauyinsa ba ne shi kaɗai, nauyin gidan ne baki ɗaya. Duk uban da zai sa ranar biki, duk uwar da za ta ce a zo a yi Salla a gida, duk baffan da zai ce a tsaya a raba gado, ya kamata tambayarsa ta farko ta kasance: yaushe katinka zai ƙare, kuma kwana nawa dokar ƙasar ta yarda ka yi a waje?

Ya kamata mai karatu ya fara gane bambanci tsakanin abu biyu, wato izinin zama da kuma katin da ke shaida izinin. A ƙasashe irin su Kanada da Amurka, izinin zama na dindindin ba ya mutuwa don kawai wa'adin katin ya cika, kamar yadda aure ba ya mutuwa don takardar shaidarsa ta yage. Matsalar ita ce, tsakaninka da jami'in shige da fice na ƙasar da za ka koma akwai kamfanin jirgi. Dokokin waɗannan ƙasashe suna cin tarar kamfanin da ya kawo fasinja ba da cikakkun takardu ba, su kuma tilasta masa mayar da shi inda ya ɗauko shi. Don haka ma'aikacin da ke kan teburi a filin jirgin Abuja ko Kano ko Legas ba alƙali ba ne, ba zai tsaya sauraron bayaninka ba, kwanan wata kawai yake dubawa. Sai ka ga mutum yana da haƙƙinsa cikakke, amma ba shi da hanyar isa inda zai nuna haƙƙin.

Abu na biyu, wanda ya fi wancan haɗari, shi ne daɗewa a waje. Kati yana iya kasancewa da ransa, amma izinin ya faɗi saboda mai shi ya wuce iyakar kwanakin da aka yarda masa. Kowace ƙasa da nata lissafin.

A Kanada katin yakan yi shekara 5, kuma doka ta ce mai shi ya zauna a ƙasar aƙalla kwana 730 a cikin kowace shekara 5. Ba a neman sabon kati daga waje, sai mutum yana cikin ƙasar. Wanda katinsa ya mutu yana nan gida, sai ya nemi takardar tafiya ta masu zaman dindindin, a nan ne kuma jami'i zai zauna ya ƙirga kwanakinsa. In sun cika, a ba shi. In ba su cika ba, ana iya yanke cewa ya rasa izinin, sai dai yana da kwana 60 ya ɗaukaka ƙara.

A Amurka katin da ake kira Girin Kad yana yin shekara 10, ana kuma iya neman sabunta shi da fom I-90 tun saura wata 6 ya ƙare. Daga watan Satumba na 2024, takardar shaidar karɓar wannan fom tana ƙara wa tsohon kati wata 36, don haka wanda ya cika fom ɗin kafin ya taso yana da abin nunawa, muddin ya riƙo takardar tare da katin. Amma wanda ya yi shekara guda cur a waje, katin ba zai shigar da shi ba ko da saura shekara takwas a jikinsa, kuma ko wata 6 mutum ya wuce zai sha tambayoyi a bakin shiga. Mai niyyar daɗewa sai ya nemi izinin komawa da fom I-131, wanda ke kai wa shekara 2, kuma dole a nema tun mutum yana cikin Amurka. Akwai kuma wani kati na shekara 2 da ake ba wanda ya sami izini ta hanyar sabon aure. Shi wannan dabam yake, domin in wa'adinsa ya cika ba a nemi cire sharaɗin da ke kansa ba a cikin kwana 90 na ƙarshe, izinin ne da kansa ke faɗuwa.

A Ingila, wanda ke da izinin zama marar iyaka yakan rasa shi in ya yi shekara 2 a jere a wajen ƙasar, sai ya nemi wata biza ta mai komawa mazauninsa, wadda ba a tabbatar masa da samu ba. Bugu da ƙari, katunan roba da aka daɗe ana amfani da su an sa musu wa'adin 31 ga Disamba 2024, aka mayar da shaidar kan intanet. Abin lura a nan shi ne, shaidar tana haɗe da lambar fasfo. Wanda ya zo gida ya yi sabon fasfo bai sanar da su sabuwar lambar ba, yana iya shan wahala a filin jirgi.

A Saudiyya, inda mafi yawan mutanenmu suke, iƙama ba ta dindindin ba ce, sabunta ta ake yi, kuma galibi a hannun kafili ko kamfani abin yake. Izinin dindindin da suka ƙirƙiro a 2019 kuɗinsa Riyal 800,000 ne, ba na talaka ba ne. Mai iƙama da zai zo gida yana fitowa ne da bizar fita da dawowa mai ƙayyadaddun kwanaki. A da, wanda ya bari ta ƙare bai koma ba akan hana shi shiga ƙasar har shekara 3. An janye wannan hukunci a watan Janairu na 2024, amma janyewar ba ta mayar wa kowa aikinsa ba: in biza da iƙama suka mutu kana Kontagora, kafili kuma bai tsawaita maka ba, sai ka koma neman sabuwar hanya daga farko.

Waɗannan ƙa'idoji suna canzawa lokaci zuwa lokaci, don haka duk mai tafiya ya duba shafin hukumar ƙasar da yake zaune a makon da zai yanki tikiti, kada ya dogara da abin da wani ya yi bara, balle abin da aka faɗa a majalisar mai shayi.

Wani zai ce ai wannan duk sabon abu ne na 'yan boko. Ba haka ba ne, tarihin Hausawa mazauna wasu ƙasashe cike yake da wannan darasi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Dokta Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubban mutanenmu da suka yi shekara da shekaru a zangon Kumasi da Akara, wasu ma can aka haife su, suka baro gidaje da shaguna suka hau manyan motoci, saboda a tsawon zamansu ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda, su ma ba su nema ba. A watan Janairu na 1983 mu ma muka yi irin wannan a zamanin Shugaba Shehu Shagari, inda aka kori baƙi marasa takardu, akasarinsu 'yan Gana. A Kwaddibuwa an ƙaƙaba wa baƙi katin zama a 1990, ya zama abin tatsa a kowane shingen hanya, har sai da aka ɗauke wa 'yan ƙasashen ECOWAS shi a 2007. Ko a Ingila, a 2018 aka bankaɗo abin kunyar da ake kira Windrush, inda aka gano mutanen da suka shiga ƙasar bisa doka tun suna yara, suka tsufa a can, amma don ba su da takardar shaida wasunsu suka rasa aiki, wasu kuma suka je ganin gida aka hana su komawa. Duk waɗannan mutane sun ɗauka daɗewa a wuri da zama lafiya da maƙwabta sun isa shaida.

Ya kamata kuma mu tuna cewa samun irin wannan izini ya fi wuya a yau fiye da shekarun baya. Tun 2013 aka cire Nijeriya daga cacar bizar Amurka da mutanenmu da yawa suka tafi ta hanyarta. A farkon 2020 gwamnatin Amurka ta dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar ƙaura, sai a Janairun 2021 aka ɗage. Wanda ya yi sakaci ya saki abin da ke hannunsa, ba lallai ba ne ya sake samu.

To, ina batun shigowa gida? Nan kam doka tana tare da mu. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin yawo da zama a duk inda ya so a cikin ƙasar, ya kuma hana a kore shi daga ƙasar ko a hana shi shigowa. Masu shekaru za su tuna da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin tsohuwar Jihar Borno, wanda aka ɗauka aka jefa Chadi a farkon 1980 da sunan wai ba ɗan ƙasa ba ne, babbar kotu a Maiduguri ta ce an zalunce shi, ya dawo gidansa. Sashe na 28 kuma ya bar wa wanda aka haifa ɗan Nijeriya damar riƙe wata ƙasar ba tare da ya rasa tasa ba. Ma'ana, ƙofar zuwa gida a buɗe take kullum, ba ta da wa'adi, ƙofar komawa ce ke rufewa da kwanan wata. Shi ya sa nake ganin bai kamata mu riƙa yi wa yaranmu gaggawa a kan ƙofar da ba za ta rufe ba, har su rasa wadda ke rufewa.

Mu da ake kira baƙi a inda aka yanke mana cibi, ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Garin nan Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, ya kafa shi a ƙarni na 19, kuma tun daga lokacin mutane ke shigowa daga ƙasashen Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kano, suna zaune lafiya da mutanen da suka tarar. Amma mun san abin da takardar shaidar asali take yi mana idan an zo ɗaukar aiki ko neman tallafin karatu, duk da cewa sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, sashe na 15 kuma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin zama a ko'ina. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan matsala a faɗin Nijeriya tun 2006. Da yawa daga cikin yaranmu da ke waje, wannan ƙuncin ne ya fitar da su. Idan yaro ya rasa izininsa a can saboda mun riƙe shi, ba kujerar aiki ce ke jiransa a nan ba, layin neman takardar asali ne zai sake shiga.

Har ila yau matsalar tamu tana taɓa fasfo. Mai neman fasfo karo na farko ana tambayarsa takardar shaida daga ƙaramar hukuma, ga kuma lambar NIN da dole sunaye da ranar haihuwa su dace da na sauran takardu. Ɗanmu da ya zo da jaririn da za a yi wa fasfo, ko sabuwar amarya, wani lokaci sai an yi tafiya zuwa garin kakanni kafin a haɗa takardu, sannan a nufi Minna ko Abuja. Mu kuwa mun san halin sunayenmu: a wata takarda Muhammadu, a wata Mamman, a nan sunan uba, a can sunan gari. Gyara irin wannan yana cin makonni, kwanakin kati kuwa suna tafiya. Ga shi ƙasashe da dama da ake yada zango a cikinsu suna son a ce saura aƙalla wata 6 a jikin fasfo.

Na san akwai masu cewa, to yanzu takarda ta fi uwa da uba ke nan? Wallahi ba ta fi ba, kuma ba zan taɓa ba ɗa shawarar ya ƙi zuwa ganin mahaifinsa da ke kan gargara saboda kati ba. Zumunta a ƙafa take, wannan gaskiya ne. Amma mu duba da kyau, tafiye-tafiye nawa ne na gaggawa? Biki mu ke sa ranarsa. Salla da azumi an san lokacinsu tun shekara. Suna, saukar karatu, naɗin sarauta, rabon gado, duk ana iya matsar da su ko a wakilta wani. Mai gado yana iya naɗa wakili a gaban shaidu, kuma zaman arba'in al'ada ce da ba ta kai a salwantar da abincin gida guda a kanta ba. Ɗan da ya koma kan lokaci zai sake zuwa baɗi, ya kuma ci gaba da riƙe mahaifiyarsa. Wanda aka riƙe har katinsa ya mutu, ga shi a gida, amma ya zama shi ma abin a ciyar.

In kuma tafiyar ta gaggawa ce da gaske, to a nan ma akwai aikin da ya rataya a wuyanmu, wato tara shaida. Jami'an Kanada suna duba dalilan jinƙai, na Amurka kuma ba sa ba wanda ya wuce shekara bizar komawa sai ya nuna cewa abin da ya riƙe shi ya fi ƙarfinsa. Ba sa karɓar rantsuwa da baki, takarda suke so. Mu kuwa mukan yi jana'iza a ranar da aka rasu, kamar yadda ya dace, amma daga nan ba wanda ke tunanin karɓar takardar likita ko yin rajistar mutuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda doka ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa. Katin asibiti, takardar kwantarwa da ta sallama, rasiɗin magani, takardar shaidar rasuwa, duk a adana su a ba shi ya tafi da su. Watarana su ne za su tsaya masa.

Kada mu manta da abin da ba mu da iko a kansa. A watan Maris na 2020 aka rufe filayen jiragen sama na ƙasa da ƙasa a Nijeriya saboda annobar korona, ba a buɗe ba sai a watan Satumba. Mutane da yawa da suka zo hutun mako biyu sun yi rabin shekara. A 2017 an rufe filin jirgin Abuja mako shida don gyaran titin sauka, aka karkata jirage zuwa Kaduna. Mu da ke bin hanyar Tegina ba sai an gaya mana cewa tafiyar da aka shirya yau tana iya komawa jibi ba. Duk wanda ya taso da katin da saura mako uku ko huɗu a jikinsa, ya bar kansa ba wurin juyawa.

Akwai mutum biyu da abin ya fi shafa, amma ba a cika jin muryarsu ba, wato mata da yara. Al'adarmu ce mace ta zo gida haihuwa da wankan jego, daga nan sai a ce ta bari yaro ya yi ƙwari, wata uku su zama tara. In mijinta ya rasu tana gida, ga takaba ta wata huɗu da kwana goma. Sau da yawa ita ba ta ma san abin da ke rubuce a katinta ba, domin yana cikin jakar miji. Ina kira ga iyaye mata da su tambayi 'ya'yansu wannan magana kai tsaye, ina kuma kira ga mazaje da su bar wa matansu takardunsu a hannunsu, su karanta musu kwanan watan. Haka nan yaran da ake turowa gida don tarbiyya da karatun Alƙur'ani, abu ne mai kyau, amma a bambanta yaron da ke da fasfon ƙasar, wanda daɗewa ba ta raba shi da ita, da yaron da kati kawai yake da shi. Na biyun in ya yi shekara uku ko huɗu a wajen kaka, zai girma ya tarar an rufe masa ƙofar da iyayensa da ƙannensa suke ciki.

Ga 'ya'yanmu da ke can, waɗanda na san ana tura musu hoton wannan mujalla ta waya, shawarata kaɗan ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi sabunta katinka da zarar doka ta ba ka dama, tun ba ka da niyyar zuwa ko'ina. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta ranar fita da ranar shiga. Ka ɗauki hoton kati da fasfo gaba da baya, ka ajiye ɗaya a waya, ɗaya a hannun amintacce. Ka taho da shaidar cewa zamanka yana can, kamar takardar aiki da ta haya da ta haraji. Ka faɗa wa manya ranar komawarka tun ranar da ka sauka, ka kuma faɗa musu dalili, wannan ba rashin kunya ba ne. In katin ya mutu ko ya ɓata kana gida, ka nufi hanyar da ofishin jakadancin ƙasar ya shimfiɗa, kada ka ba ɗan cuwa-cuwa fasfonka, domin hatimin jabu ko ƙarya a fom yana jawo hukuncin da ya fi mutuwar kati muni. In kuma ka isa Amurka aka miƙo maka fom I-407, ka sani takardar sallama izininka ce da kanka, ba dole ba ne ka sa hannu, kana da haƙƙin a kai ka gaban alƙalin shige da fice. Wanda kuma ya cika sharuɗɗan zama ɗan ƙasar da yake zaune, ya nema, tunda tsarin mulkinmu bai hana ba, shi ne maganin wannan fargaba gaba ɗaya.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su ɗauki wannan a matsayin wani ɓangare na aikin kare haƙƙi. A zaɓi mutum biyu ko uku daga cikin matasanmu masu ilimi, waɗanda kowane gida zai iya zuwa wajensu a karanta masa takarda, a taimaka masa da rajistar haihuwa da mutuwa, a kuma gyara sabanin sunaye tun kafin buƙata ta taso. Malamanmu da masu unguwanni su ma su taimaka, idan aka zo sa rana ko zaman gado su tambaya ko akwai wanda kwanakinsa ke ƙurewa, a sallame shi da albarka.

Yaron nan da na ba ku labarinsa ya sake zuwa gida bayan shekara biyu, da sabon kati a aljihunsa. Da na je yi masa sannu da zuwa, bayan mun gaisa abin da na fara tambayarsa shi ne yaushe zai koma, mahaifiyarsa ta ce, "Malam, daga zuwansa?" Na ce mata, "Hajiya, don ya riƙa zuwa ne." Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke, ya kawo su lafiya, ya mayar da su lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.